Daidai Ne, Amma Mummuna Ne

In da za a tara mutanen da suka taɓa ƙaunar Mai Tsumma, benci ɗaya ya ishe su, har a samu wurin ajiye jaka. Malamin lissafi ne a wata sakandare da ke bayan tashar mota. A nan ya fara aiki da baƙin gashi, a nan ya yi ritaya da furfura, kuma babu wanda zai rantse ya taɓa ganin haƙoransa da sunan dariya. Dogo ne siriri, mai ɗan rankwafawa, fuska kullum a murtuke kamar ya tauna magani. Sunan da iyayensa suka sa masa yana can a ofis, amma ko masinja bai san shi da shi ba. Tsumman ya cinye sunan tun da daɗewa.

Makaranta tana raba wa malamai dasta, shi bai taɓa karɓa ba. Ya ce dasta ba gogewa take yi ba, kwashe ƙura take daga nan ta zuba can. Tsohuwar singileti yake yagawa, ya jiƙa ta a famfon bakin aji, ya matse, ya shigo da ita a hannun hagu, alli a hannun dama. Sai ya rubuta tambaya, ya kira wanda tsautsayi ya faɗa wa, ya koma bayan aji ya jingina da bango. Yaro ya yi ta fama, gumi na bin ƙeya, har Allah ya taimake shi ya kai ga amsa. Mai Tsumma ya tako a hankali, ya karanta tun daga sama har ƙasa, ya ce, "Daidai ne." Sababbin ɗalibai kan yi ajiyar zuciya a nan. Tsofaffi sun san da saura. "Amma mummuna ne," in ji shi, sai tsumma ya bi allon daga wannan kusurwa zuwa waccan. Jiƙaƙƙen tsumma kuwa ko inuwar rubutu ba ya bari.

Iyaye sun kai ƙara har sun gaji. Wani direban tanka ya taɓa zuwa ofishin shugaban makaranta yana huci, ya ce, "Malam, da bakinka ka ce yarona ya ci. To me ya kawo gogewa?"

Mai Tsumma ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "In ka aiki ɗanka kanti, ya bar titi ya bi ta cikin kwata, ya dawo maka da saƙon, yaba masa za ka yi?"

Sai da aka rirriƙe direban. Shugaba ya yi lallashi, ya yi barazana, duk a banza. A ɗakin malamai kujerar Mai Tsumma tana can gefen taga ita kaɗai, babu mai matsowa kusa ko don neman iska.

Amma a faɗi gaskiya ko a kan mugu ne: mutumin nan yana ganin wani abu. A wurinsa amsa ba komai ba ce, don ya ce jaki ma in aka yi ta dukansa zai kai kaya inda ake so. Abin da yake nema shi ne hanyar da in ka bi ta, ba amsar kaɗai za ka samu ba, za ka ga dalilin da ya sa ba yadda za a yi ta zama wani abu dabam. Layi biyu ko uku, babu ƙari babu ragi, komai ya zauna a mazauninsa. In ya rubuta irin wannan, yakan ja da baya ya tsaya yana kallo, fuskar nan ta saki, har yara su riƙa zungurin juna. Yana son lissafi yadda wasu ke son 'ya'yansu. Kuskurensa shi ne ya ɗauka sai an share mummuna kafin a nuna kyakkyawa. Bai taɓa lura ba cewa yaron da aka goge wa aiki ba allo yake kallo ba, ƙasa yake kallo.

'Ya'yansa biyu ne. Babban namiji ne, wanda ya koyi gyaɗa kai tun yana ƙarami, yana samun dama ya gudu wani gari ya buɗe shagon kayan mota. Sai Auta. Ita ce ta ɗauko kansa, ta kuma ɗauko zuciyarsa, wanda hakan bai yi wa kowa daɗi ba. Ya san tana da ƙwaƙwalwa, yana jin daɗin haka a ransa, amma da ya faɗa mata gara ya haɗiye allin.

Shekarar da ta shigo ajinsa, ya ajiye mata tambaya guda, wadda ya fi so a duk abin da ya sani. Ranar har alli mai launi ya zubo a aljihu. Ya rubuta a allo: a tara ɗaya, da uku, da biyar, da bakwai, a yi ta tsallake lamba ɗaya har a kai casa'in da tara. Ya kira Auta. Ta tashi ba tsoro, ta jera lambobin duka hamsin, ta fara tarawa ɗaya bayan ɗaya. Ta cika rabin allo fal, alli har gwiwar hannu. Wasu a aji na binta da yatsu. Da ta rubuta dubu biyu da ɗari biyar ta ja layi a ƙasa, yara suka fashe da tafi.

Ya tako daga baya. A ransa ɗoki yake yi: bari ya share wurin, ya nuna mata abin da ke ɓoye a bayan wahalar nan da ta sha. Abin da ya fito daga bakinsa kuwa dabam ne. "Daidai ne. Amma mummuna ne. Aikin jaki. Na ɗauka 'yata za ta fi haka." Tsumma ya bi allon. Wani daga baya ya yi kukan jaki, aji ya ɗauka. Auta ta ajiye allin a bakin tebur a hankali, ta fita. Ya zana abin da ya tanada da allinsa mai launi, ga yara masu dariya, ita ba ta nan.

Daga ranar ta koma bencin ƙarshe. Tana cin jarrabawarsa ba tare da ta ɗaga ido ta dubi allo ba. A gida ma ta daina ce masa Baba, sai Malam. Sau ɗaya ya gwada, suna cin abinci, ya ce, "Wannan lissafin na rannan," sai ta ɗauki farantinta ta shige ɗaki. Ya yi rantsuwa ba zai roƙi 'yar cikinsa ta saurare shi ba. Matarsa ta yi ta safa da marwa tsakaninsu, ta roƙi wannan ta roƙi waccan, har ta koma ga Allah ba ta ga sun shirya ba. Auta ta zama ungozoma a asibiti, ta auri wani mai gyaran firiji, mutum mai fara'a wanda bai san abin da ake kira gaba ba. Mai Tsumma ya yi ritaya, aka yi masa taron sallama da ya fi kama da murnar rabuwa da ciwon haƙori. Abu ɗaya ya rage masa a duniya, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba: Auta ba ta ga abin nan da ya zana a allo rannan ba.

Sai ciwo ya zo. Wata safiya ya tashi zai ɗauki buta, ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Hannun da ke rubutu ya mutu, hannun da ke gogewa ya tsira. Harshe ya yi nauyi, magana ta tsaya a maƙogwaro. Da yake gidan Auta ne kusa da asibiti, can aka kai shi, aka gyara masa ƙaramin ɗaki a ƙarshen baranda. Gadon ƙarfe, kujerar roba, wani mataccen firiji da mijinta ya ajiye don ya ciri kayansa, da taga mai kallon katangar maƙwabta.

Ba za a ce ta wulaƙanta shi ba. Magani a kan lokaci, wanka, sauya zanin gado, cokali zuwa baki. Komai daidai, babu hira, babu kallon ido. "Malam, buɗe baki." "Malam, ɗaga hannu." Shi kuwa ciwo bai rage masa komai na halinsa ba. Kalmar farko da ta dawo bakinsa ba salati ba ce, ba sannu ba ce. Surukin nasa ne ya zauna ya yi masa aski da haƙuri, ya miƙo madubi yana murmushi, Mai Tsumma ya duba ya tattaro ƙarfinsa ya ce, "Mummuna." Daga nan kalmar ta zama sandarsa. Shayi mummuna, labule mummuna, ma'aikaciyar da ke zuwa duba hawan jininsa mummuna. Ranar da ya yi jifa da kofi ya fashe a ƙafar surukin, Auta ta fita baranda ta buga wa yayanta waya, kuma ba ta rage murya ba.

"Yaya, na yi nawa. Ka zo ƙarshen mako ka ɗauke shi. A'a, ba fushi nake ba, na gaji ne. Mijina ba ɗalibinsa ba ne."

Mai Tsumma ya ji komai. Ba tafiyar ce ta tsorata shi ba, don shi ko'ina ɗaki ne da gado. Ya san in ya shiga motar nan, Auta za ta riƙa aiko da gaisuwa ta waya, shi ke nan, kuma ya san jikinsa ba na jiran wata shekara ba ne. Tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko ranar da ya faɗi.

Tun farkon jinya likitan gashin ƙashi ya ce a ba shi ƙaramin allo da alli ya riƙa motsa hannun hagu. Auta ta sayo, ya ture su ƙarƙashin filo, wai shi ba ɗan firamare ba ne. Yanzu ya jawo su. Abin da yake so Auta ta gani ba ya buƙatar magana, shi ya sa ya fi sonsa, ɗigo ne kawai. Ya ɗora allon a cinya, ya danne shi da mataccen hannun, ya kama alli da hagu.

Abin da ya fito kashin kaji ne. Ɗigo ɗaya ƙato, ɗaya kamar ƙwayar gero, layin da ya kamata ya miƙe ya gangara, allin ya zame ya ja wutsiya. Ciwon ya ci hannu ya ci harshe, amma bai taɓa idon ba, kuma idon nan bai taɓa yi wa kowa afuwa ba. Ya dubi aikin. Kafin ya yi shawara, hannun ya riga ya ɗauko ɗan tawul ɗin da ake share masa baki, ya tsoma a kofin ruwa, ya bi allon. Ya sake gwadawa, ya sake gogewa. Duk sanda ya ji takun Auta a baranda, sai ya dubi abin da za ta gani, kunya ta rufe shi, tawul ya yi aikinsa. Haka kwanakin suka tafi. Tana shigowa ta tarar da allo baƙi ƙirin yana sheƙin ruwa, alli kuma yana ƙarewa.

Ana gobe za a zo ɗaukarsa, haƙurinta ya ƙare. Ta tsaya a kansa da hannu a ƙugu. "Ko a nan ma gogewar ce? Likita ya ce ka yi rubutu, ba wanke allo ba." Ta ce, "Bari in gaya maka wani abu, Malam. A wurin aikina jini ne da ihu da gumi. Babu haihuwar da na taɓa karɓa mai kyawun gani. Amma in uwa ta tashi, jariri ya yi kuka, ba a taɓa samun mahaukacin da ya ce a mayar da shi a sake ba. Kai kaɗai ne Allah ya yi wa wannan ciwon." Ta ɗauki faranti ta fita, ƙofa ta bugu.

Washegari da hantsi yayan Auta ya bugo ya ce ya shigo gari. Mai Tsumma ya jawo allon. Ya yi ɗigo ɗaya a kusurwa. Ya kewaye shi da uku. Babu alli mai launi, don haka ya ja ɗan karkataccen layi ya raba su, ya ƙara biyar, ya ja layi, ya ƙara bakwai. Gumi ya jiƙa masa riga. Ya duba, abin ya fi na jiya muni. Ga takunta a baranda, tana jan jakar kayansa. Ya ce wa hannun ya tsaya. Hannun da ya yi shekara da shekaru yana abu ɗaya bai saurare shi ba, ya kai ga tawul, ya tsoma a kofi.

A iska ta cafke wuyan hannun. Ruwa na ɗiga a zanin gado.

"Wallahi yau ba za ka goge ba. Ko zagina ka rubuta sai na karanta."

Ya yi ƙoƙarin fizgewa, amma ungozoma ce, ta saba riƙe waɗanda suka fi shi ƙarfi. Ta ƙwace tawul ɗin ta jefa kan firiji, ta ɗauki allon ta juya shi wajen taga.

"Mene ne wannan kuma? Ƙyanda?"

Ya miƙa yatsa, ya taɓa ɗigon kusurwa. Ya yi ta kokawa da harshe har ya fito da kalmar. "Ɗaya." Ya bi ukun da suka kewaye shi. "U...ku."

"Na iya ƙirga, Malam."

Ya zagaye su duka huɗun da yatsa, biyu a sama, biyu a ƙasa. Sai ya bi biyar ɗin da suka lanƙwasa a gefensu kamar gwiwar hannu, ya sake zagayewa. Uku a tsaye, uku a kwance. Ya bi bakwai ɗin. Huɗu a tsaye, huɗu a kwance. Numfashinsa ya ƙare, hannun ya faɗi a cinya.

Ya ga idon Auta ya bar fuskarsa ya koma allon, ya ga leɓenta na motsi. Ɗaya da uku, huɗu, wato biyu sau biyu. A ƙara biyar, tara, uku sau uku. A ƙara bakwai, sha shida. Ta zauna a bakin gadon ba ta sani ba. Ta ɗauki guntun allin daga kan zani, ta fara sa nata ɗigon a gefen nasa: huɗu a dama, huɗu a ƙasa, ɗaya a kusurwa ya haɗe su. Tara cif. Abin ya zama biyar sau biyar. Ta ga dalilin ma, ba wanda ya gaya mata: duk sanda fili ya ƙara faɗi, kowane gefe na neman ƙarin ɗigo ɗaya, shi ya sa lambobin ke tafiya da bibbiyu. Ba za su taɓa kuskure ba, ko za a yi ta jerawa har allon ya kai bangon duniya.

A hankali ta ce, "Lamba hamsin. Hamsin sau hamsin." Ta ajiye allin. "Dubu biyu da ɗari biyar."

Fuskarta ta saki. Mai Tsumma ya san wannan sakin, nasa ne, bai taɓa ganinsa a fuskar wani ba sai yau. Daɗi ya cika masa ƙirji har ya ji zafi. Amma abin bai daɗe ba. Ta juyo, idonta ya kaɗa ya yi ja, kuma ba hawayen tausayi ba ne.

"Wannan ne? Wannan ne abin da ke aljihunka rannan?" Ya gyaɗa kai. "Abu mai kyau haka. Ka san da na gan shi ina yarinya, da babu abin da zai raba ni da lissafi? Ina sonsa, Malam. Ina sonsa kafin ka sa aji ya yi mini kukan jaki. Da ka bar nawa a gefe ka zana naka a ɗaya gefen, me zai ragu a jikinka? Allon ai da faɗi."

Yana da amsa, ko dai yana jin yana da ita. Ya tattara duk ƙarfin da ya rage masa. Idonsa ya faɗa kan allon, ɗigonta a jere reras, nasa a karkace kamar haƙoran tsoho, sai kalmar da ta saba hanya ta riga sauran fitowa. Ya nuna nasa ɗigon. "Mummuna."

Ta dubi inda yake nunawa. Ta share ido da bayan hannu, alli ya shafu a kumatunta.

"Mummuna ne ƙwarai," in ji ta. "Amma daidai ne. Ba za a goge ba."

Ta miƙe ta ɗora allon can saman firiji, ta jingina shi da bango, inda ko da sanda ba zai kai ba. A waje mota ta yi oda.

Ba ta ce a fasa tafiyar ya zauna ba. Ita da kanta ta kai jakar, ta yi wa yayanta bayanin magunguna, na safe da na yamma, ta ce a kula da kofi don yana jifa. Surukin ya ɗauke shi cak ya sa a kujerar gaba, ya gyara masa mataccen hannun a cinya, ya yi masa addu'ar sauka lafiya duk da ɗingishin da yake yi. Auta ta tsaya a bakin ƙofa, farin alli a kumatu, ba ta ɗaga hannu ba, ba ta kuma shiga ciki ba har motar ta sha kwana.

Sun hau babban titi kenan ɗan ya waiwayo ya ga yatsun uban fari fat. Ya zaro hankici daga aljihu ya miƙa masa. "Baba, goge hannunka, za ka ɓata riga."

Mai Tsumma ya dubi hankicin. Ya dunƙule hannun, ya cusa shi a ƙarƙashin hammata, ya juya fuska wajen taga.